Yadda ake buga kayan tallafin ɗan wasan harbi da firinta ta 3D a gida

A gasar ƙaramar bindigar iska ta nisan mita 10, ɗan wasa yana da minti 75 ya yi harbi 60 idan ana amfani da allon saiti na lantarki. Lissafin yana nufin daƙiƙa 75 ga kowane harbi, kuma a cikinsu zai ɗauki ƙwayar dalma, ya ɗura, ya ɗaga hannu, ya daidaita numfashi, ya taɓa kunama. Wanda ke lalube cikin gwangwani yana neman ƙwaya, ko yana tambayar kansa ko harbi na 37 yake ko na 38, ya riga ya raba hankalinsa biyu. Ƙananan kayan da ke kawar da irin wannan damuwa roba ce kawai, amma idan ka yi odarsu daga Jamus ko Ingila, kuɗin jirgi da canjin kuɗi na iya ninka kuɗin kayan. Mai firinta ta 3D a Kubwa ko Gwarimpa zai iya buga su a ɗakinsa.

Kafin komai, a san iyakar abin. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take cikin kundin dokoki na 2004, ta sa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka, sauran ƙananan bindigogi kuwa suna cikin waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ma'anar "makami" a dokar ta haɗa har da kowane ɓangare nasa, kuma ƙera shi ko harhaɗa shi ba tare da izini ba laifi ne. Saboda haka duk abin da za mu buga a nan kayan tebur ne da na fuska da na kiyaye haɗari: farantin jera ƙwaya, hannun igiyar tsaro, makarin ido, da maƙalan takardar saiti. Abin da ake ɗaurawa a jikin bindiga, ko da mariƙi ne, a bar wa kamfanin da ya ƙera ta.

Abin da za ka tanada

Firinta kowace iri ta isa, muddin farantinta ya kai milimita 180. Creality Ender 3 tana da faranti mai milimita 220, Bambu Lab A1 mini kuma 180 cif. Bakin fitar da roba na milimita 0.4 da suke zuwa da shi, shi za ka bari.

Zaren roba shi ne inda mutanen Abuja ke yin kuskure. Nau'in zaren da ake kira PLA ya fi sauƙin bugu kuma ya fi arha, amma yana fara laushi a kusan digiri 60 na ma'aunin Salshiyos. Motar da aka ajiye a rana a watan Maris, gilasai a rufe, dashbod ɗinta yana iya kai wannan zafin, sai ka dawo ka tarar farantinka ya lanƙwashe kamar ɓawon kwakwa. Nau'in PETG kuwa yana jurewa har kusan digiri 80, don haka shi nake ba da shawara ga duk abin da zai riƙa yawo a jaka. Kilo ɗaya na zare mai kaurin milimita 1.75 zai buga duk kayan nan har na abokan ƙungiyarku. Sayi launi mai haske don faranti, da ɗan guntun fari ko garai-garai don makarin ido.

Sai ma'aunin milimita na dijital mai baki biyu, irin wanda masu juya ƙarfe ke riƙewa. Masu sayar da kayan aikin injiniya suna da shi. Kada ka ce rula za ta yi maka. Aikin nan bambancin 0.1 ne ke gyara shi ko ɓata shi. Ƙara da sanfefa mai laushi, sufa gulu, sifirit na goge faranti, soso mai kaurin milimita 3, ƙananan maganaɗisu masu faɗin milimita 6 da kaurin 2 guda takwas, da igiyar injin yankan ciyawa mai launin lemo.

Batun wuta: firinta irin Ender 3 ba ta cin wuta sosai da zarar farantin ya yi zafi, lokacin ɗumamawar farko ne take ja. Ƙaramar inbata za ta ɗauke ta. Wasu firintocin suna da damar ci gaba bayan an ɗauke wuta, amma idan faranti ya huce abin da ake bugawa yakan saki, kuma ko bai saki ba tabon wurin yana nan. Haɗa ta da inbata tun farko ya fi.

Mataki na farko: auna ƙwayarka, sannan ka gwada firintarka

Ƙwayar gasa milimita 4.5 ce, mai kai shafaffe don ta huda takarda da kyau, da ƙugu siriri, da gindi mai buɗewa kamar siket. Nauyinta kusan rabin giram. Idan ka duba ƙarƙashin gwangwanin ƙwayar kamfanin RWS ko H&N ko JSB za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko makamancin haka, wato faɗin kan ƙwayar. Ɗauki guda biyar ka auna kai, ka auna siket, ka auna tsayi, ka rubuta. Siket ya ɗan fi kai faɗi, tsayin kuma yakan wuce milimita 5 kaɗan. Kada ka matse ma'aunin a kan siket, dalma ce mai laushi. Waɗanda ka auna ka ware su don atisaye.

Yanzu ga abin da yawancin masu sabuwar firinta ke tsallakewa. Ramin da ka zana a kwamfuta ba ya fitowa da girman da ka ba shi. Narkakkiyar roba tana ɗan bazuwa ciki, sai rami ya tsuke da 0.1 zuwa 0.3, kuma adadin ya danganta da firintarka da zarenka da zafin da ka sa. Babu wanda zai faɗa maka lambar daga nesa. Don haka ka fara zana ɗan gwaji: sanda mai tsayin milimita 70, faɗi 12, kauri 6, da ramuka shida masu zurfin milimita 3, faɗinsu 4.7, 4.8, 4.9, 5.0, 5.1 da 5.2. Yi wa gefen ƙaramin rami alama da ɗan tsagi don kada ka rikice. Bugunsa ba ya cin lokaci.

Idan ya huce, saka ƙwaya a kowane rami, kai a ƙasa. Ramin da kake nema shi ne wanda ƙwaya ke faɗawa da nauyin kanta, ta tsaya a miƙe, sannan idan ka kifa sandar ta faɗo ba tare da ka bubbuga ba. Wanda sai ka danna ya yi ƙanƙanta, zai kankare gefen kai, kuma ƙwayar da gefenta ya kankaru ba ta tafiya daidai. Wanda take kwanciya a karkace a ciki ya yi girma. Sau da yawa amsar tana faɗawa tsakanin 4.9 da 5.1, amma bi abin da sandarka ta nuna. Idan ka sauya zare daga PLA zuwa PETG, ko daga wani kamfani zuwa wani, sake gwajin.

Mataki na biyu: zana farantin

Manhajar zane ta Tinkercad kyauta ce kuma a burauza take aiki, ta ishe wannan aikin. Mai son abin da ba ya buƙatar data sai ya sauke FreeCAD.

Tsarin ramukan ya bi tsarin gasar. Ana ƙirga harbi 60 a zango shida na goma-goma, ga maza da mata duka, tun da hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta daidaita adadin a 2018. Da can mata 40 suke yi. Kafin a fara akwai minti 15 na shiri da harbin gwaji, wanda ba shi da iyaka. Saboda haka farantinmu layi shida ne na ramuka goma, sai layi biyu na gwaji a ware gefe guda. Kallo ɗaya zai gaya maka inda kake.

Ja akwati ka ba shi tsayi 127, faɗi 98, kauri 8. Ja silinda ka mai da ita rami, ka ba ta faɗin da gwajinka ya nuna, ka ƙara yawan gefunanta zuwa 64, in ba haka ba ramin zai fito da kusurwoyi. Ɗaga ta milimita 5 daga ƙasa, yadda za ta ci milimita 3 kawai daga saman akwatin. Da wannan zurfin, fiye da milimita 2 na siket zai leƙo waje, abin da yatsa zai kama ke nan. Sa tsakiyar ramin farko milimita 14 daga gefen hagu, 8 daga gefen sama. Danna Ctrl+D, ka matsar da kwafin milimita 11 zuwa dama, sannan ka ci gaba da danna Ctrl+D. Manhajar za ta riƙa maimaita tazarar da kanta har ramuka su cika goma. Zaɓi layin gaba ɗaya ka yi masa haka zuwa ƙasa har layi shida. Daga layi na shida ka bar tazarar 16 kafin layin gwaji na farko, sai 11 zuwa na biyu.

Me ya sa 11? Farantan kanti sukan matse ramukan don akwatin ya zama ƙarami, amma mai manyan yatsu idan ya kai hannu ɗaukar ɗaya sai ya ture ta kusa. Tunda kai ke zanawa, ba wa yatsunka fili. Idan hannunka siriri ne 10 ta isa, sai ka rage girman akwatin daidai da haka.

Abu biyu ƙanana suna ƙara masa daɗin aiki. Na ɗaya, ɗan buɗa bakin kowane rami da mazugi mai zurfin rabin milimita, don ƙwaya ta zame ciki ko da ba ka saita sosai ba. Na biyu, rubuta 1 zuwa 6 a gefen layukan, rubutun ya nutse milimita 0.6 cikin jikin farantin. Bayan bugu ka cika shi da alƙalamin maka, ka goge saman.

A kusurwoyi huɗu ka yi ramin maganaɗisu mai faɗin 6.2 da zurfin 2.2, tsakiyarsa milimita 6 daga gefe. Haɗa komai wuri ɗaya, ka fitar da fayil ɗin STL.

Murfi akwati ne mai girman farantin, 127 da 98 da 8, da aka ƙwaƙule cikinsa: tsayi 106, faɗi 92, zurfi 5, a tsakiya. Sauran gefen hagu da dama su ne za su ɗauki maganaɗisu huɗu, daidai saitin na faranti. Soson milimita 3 zai shiga cikin ƙwaƙulen ya ɗan dafa kan siket, ya hana ƙwaya rawa a hanyar Nyanya. Idan ka ga soson yana matse siket har ya bar alama, ƙara zurfin ƙwaƙulen da rabin milimita.

Mataki na uku: saiti da bugu

Buɗe fayil ɗin a manhajar da ke yayyanka zane hawa-hawa, Cura ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer. Kwantar da farantin ramuka na kallon sama, murfin kuma ƙwaƙulensa na kallon sama. A haka babu abin da ke buƙatar tokari. Kaurin kowane hawa 0.2. Bango layi uku. Cikon ciki kashi 15 cikin 100 ya wadatar, ba kaya zai ɗauka ba. Hawa biyar a sama, huɗu a ƙasa. Ga PETG, baki digiri 235 zuwa 240, faranti 75 zuwa 80, fanka rabi. Ga PLA, baki 205 zuwa 210, faranti 60, fanka gaba ɗaya. Duba abin da aka rubuta a jikin naɗin zaren, shi ne na ƙarshe.

Nemi saitin wurin ɗinki, wato inda kowane zagaye ke farawa ya ƙare. Yana barin ɗan ƙurji a cikin rami. Sa shi a jere wuri ɗaya, kada ka bar shi a warwatse, don kankare layi ɗaya ya fi sauƙi.

Goge farantin firinta da sifirit kafin kowane bugu. A lokacin hunturu ƙura na sauka cikin minti kaɗan, kuma iska mai sanyi da bushewa na sa kusurwoyin abu mai faɗi irin wannan su ɗaga. Rufe taga ta ɓangaren iska, kashe fankar sama, ka ƙara wa zanen ɗan gezar milimita 5 kewaye da shi. Masu bugawa a Jos, inda sanyin Disamba ya fi na nan nesa ba kusa ba, har kwali suke kifawa a kan firintar. Da damina kuma matsalar danshi ce: PETG yana shan ruwan iska, sai ka ji yana ƙara tas-tas a baki, yana barin zare-zare kamar yanar gizo-gizo cikin ramuka. Busar da naɗin a digiri 65 na awa huɗu zuwa shida, sannan ka riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi tare da ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi. Idan farantin firintarka gilashi ne, shafa gam na sanda kafin PETG, don yakan manne har ya ɓalle gilashin.

Tsaya a kan hawan farko har ya gama. Layukan su manne da juna ba tare da rata ba, kuma kada su yi sirara har kana hango farantin ta cikinsu. Idan ya zauna, tafi harkarka. A tsohuwar firinta zai ci awa huɗu ko fiye. A bar ɗakin da hanyar shan iska, kuma ba ɗakin da yara ke kwana ba.

Bari ya huce sarai kafin ka cire. Bi ramukan da ƙarfen huda da ya yi daidai da faɗin ramin, ka juya shi da yatsu kawai, ba da inji ba, don share ƙurjin ɗinki. Wanke, ka shanya. Wajen sa maganaɗisu, manna na faranti tukuna da sufa gulu, sannan ka ɗora na murfi a kansu su kama da kansu, ka yi wa bayansu ɗigo da maka. Gefen ɗigon shi ne zai shiga cikin murfi. Wanda ya manna su ba tare da wannan ba yakan ƙare da murfin da ke gudun farantinsa. Maganaɗisu ba ya jan dalma, don haka ƙwayoyin ba ruwansu. Amma yana iya barin murfi ya zame gefe a cikin jaka, saboda haka ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi.

Hannun igiyar tsaro

Ƙa'idar ISSF ta ce duk lokacin da ba a harbi, dole a ga alamar tsaro mai launi mai haske a cikin bindiga, kuma ta bindigar iska igiya ce da za ta ratsa tsawon bututun gaba ɗaya, a gan ta ta baya da ta gaba. Da ita alƙalin fili ke tabbatar da babu ƙwaya a ciki ba tare da ya taɓa bindigar ba.

Igiyar kanta ba a buga ta. Abin da firinta ta buga hawa-hawa ne, yana karyewa a mahaɗa, kuma guntu a cikin bututu masifa ce. Zaren PLA ɗanye ma kada ka yi amfani da shi, yana tsufa ya yi gautsi. Igiyar injin yankan ciyawa mai kaurin milimita 1.6 zuwa 2, zagayayya mai santsi, ita ake so. Kauce wa mai kusurwa. Yanke ta yadda za ta leƙo kamar santimita 10 ta kowane ɓangare.

Abin da za ka buga shi ne tutar da ke ƙarshenta: lebur mai tsayi 40, faɗi 25, kauri 5, da rami mai faɗin 2.4 da ya ratsa ta a tsaye daga gefe zuwa gefe. Buga ta a kwance, cikon ciki kashi 40, da lemo ko ja. Zura igiyar ta fito ɗaya gefen, ka kusantar da ƙarshenta ga wutar ashana har ya dunƙule, ka ja ya zauna. Ɗaya ƙarshen da zai shiga bututu ka goge shi da sanfefa ya yi mulmul. Nutsa sunanka a jikin tutar, don kayan fili suna da ƙafa.

Makarin ido

Ƙwararru suna harbi ido biyu a buɗe, suna kare wanda ba ya saiti da ɗan faifai, saboda runtse ido ɗaya na tsawon fiye da awa yana gajiyar da fuska. Ƙa'ida ta yarda da makari ɗaya na gaba wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba. Zana naka 28, kada ka je kan iyaka alƙali ya auna ya samu 30.2. Tsayi 45 ya isa, kauri 0.8, wato hawa huɗu.

Launi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙwayoyin idanu biyu tare suke buɗewa da tsukewa. Idan ka rufe ɗaya da baƙi, ta ɗayan ma za ta ƙara buɗewa, saitin gaba ya rage fitowa sarai. Yi amfani da fari ko garai-garai da aka goge da sanfefa ya yi hazo, haske na shiga amma siffa ba ta shiga.

Maƙalin da zai kama firam ɗin tabarau ka buga shi daban. Auna kaurin firam, ka zana ɗan baka mai siffar U wanda bakinsa ya gaza kaurin da 0.3, bangonsa 1.6. Kwantar da shi yadda siffar U za ta kwanta a kan farantin firinta, don zaren ya bi lanƙwasar; idan ka tsayar da shi, buɗewar farko zai tsage. Manna shi da faifan, ka gwada a gaban madubi kafin gulu ya bushe.

Takardar saiti, da abin da ba a bugawa

Takardar mita 10 milimita 170 ce kowane gefe, tsakiyarta mita 1.40 daga ƙasa. Da'irar maki 10 faɗinta 11.5, kowace ta gaba tana ƙaruwa da 16, baƙin ya tsaya a ta maki 7 mai faɗin 59.5. Idan filin da kuke atisaye yana amfani da takarda kuma maƙalan sun lalace, buga ƙananan kusurwoyi huɗu masu siffar L da tsagin milimita 1, a ɗaure su da sukurori nesa da da'irori. Buga da yawa, sabbin 'yan wasa za su farfasa su.

Akwatin da ke tare ƙwaya a bayan takarda ƙarfe ne, mai walda zai yi muku. Roba ba ta da wurin zama a nan. Haka ma ɗan ma'aunin da ake sokawa a huda don raba gardamar 9 da 10: bambancin da yake aunawa ya fi ƙanƙanta a kan abin da firintar gida ke iya riƙewa, a sayi na ƙarfe.

Farantin ƙwaya da zarar ya fara aiki zai yi toka-toka da dalma. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka jefar da tsumman, kada ka hure shi da baki. Wanke hannu da sabulu bayan jera ƙwaya da bayan harbi, kafin goro ko abinci, kuma ka ajiye shi a kulle inda yara ba sa kaiwa, don ƙwayoyi a jere suna kama da abin wasa a idonsu. Kafin ranar gasa, kai makarin ido da igiyar tsaro wurin kocinku ya auna su, sannan ka yi cikakken atisayen harbi 60 da farantin a kan tebur, a gefen hannun da kake ɗurawa da shi.